Maganin shaƙa: dalilin da ya sa ake zuba kuɗi a binciken kwamfuta kan tafiyar iska cikin huhu

Daga cikin binciken da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, take ɗaukar nauyinsa, akwai wani fanni da ba a cika jin labarinsa ba, alhali ya shafi duk gidan da ke da mai fuka. Fannin shi ne kwaikwayon tafiyar iska da ƙwayoyin magani cikin huhun mutum a kwamfuta. A shekarun nan an haɗa shi da dabarar da ake kira koyon na'ura, wato reshen ƙirƙirarriyar basira da ke koyon abu daga misalai masu ɗimbin yawa. Abin da hukumar ke nema shi ne hanyar tabbatar da cewa famfon shaƙa na jenerik yana aiki daidai da na asali, ba tare da an ɗauki shekaru ana gwaji mai tsada a kan marasa lafiya ba.

Masu buƙatar irin wannan magani ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da fuka, wadda likitoci ke kira asma, kuma ta kashe mutum 455,000 a wannan shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ita kuwa cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda taba da hayaƙin icce ke haddasawa, ta yi ajalin mutum sama da miliyan 3 a shekarar. Cututtukan biyu duk da maganin shaƙa ake lallaɓa su.

Abin da ya raba famfo da ƙwaya

Wanda ya saba sayen farasetamol na jenerik a farmasi ya san cewa ƙwayar kamfani kaza da ta kamfani kaza aikinsu ɗaya. Tabbatar da hakan ba shi da wahala sosai. Akan samu masu lafiya kamar ashirin ko talatin, a ba su ƙwayar asali, a riƙa ɗibar jininsu ana auna yawan maganin, bayan kwanaki a ba su ta jenerik a sake aunawa. Idan sakamakon bai fita daga iyakar da aka kafa ba, wato tsakanin kashi 80 da 125 cikin ɗari na asalin, an yarda maganin ɗaya ne. A kan wannan tsari dokar Amurka ta 1984, wadda aka fi sani da Hatch-Waxman, ta buɗe ƙofar jenerik a can.

Maganin shaƙa ya ƙi bin wannan hanya. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta shiga jini kafin ta kai inda za ta yi aiki, don haka jini shaida ne mai kyau. Wanda aka shaƙa kuwa a bangon hanyoyin iska yake sauka, a nan yake aikinsa, sai daga baya ya ratsa zuwa jini. Abin da aka gani a jinin bai faɗi takamaiman wurin da maganin ya sauka ba: a manyan bututu ne, ko a ƙananan da ke can ciki, ko kuma a maƙogwaro ya maƙale aka haɗiye shi da miyau. Kuma babu likitan da zai iya zura ma'auni cikin huhun mai rai ya ƙirga.

Sirrin yana cikin girman ƙwayoyin feshin. Da mikiron ake auna su, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kai yakan kai mikiron 50 zuwa 100. Ƙwayar da za ta isa cikin huhu sai ta kasance tsakanin mikiron 1 da 5. Wadda ta fi haka girma takan daki bayan maƙogwaro ta tsaya, kamar babbar mota ɗauke da kaya da ta zo kwana da gudu ta kasa juyawa. Wadda ta yi ƙanƙanta ainun kuma takan shiga ta sake fitowa da numfashi. Duk wanda ya yi hunturu a Damagaram ya ga misalin wannan da idonsa: rairayi a bakin ƙofa yake zubewa, hazo kuwa har cikin akwati yake shiga. Da tsofaffin famfunan feshi, abin da ke isa huhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na abin da aka fesa ba.

Ga kuma na'urar kanta, wadda rabin maganin ce. Famfon feshi na farko kamfanin Riker na Amurka ne ya fitar da shi a 1956. Na gari, wanda ƙarfin numfashin mutum ke tayar da garin maganin, ya bayyana a Ingila a 1967, sannan salbutamol ya shiga kasuwa a 1969 da sunan Ventolin, sunan da har yau mutane da yawa a nan ke kiran kowane famfo da shi. Faɗin ƙofar feshi, siffar bakin da ake sawa a leɓe, irin iskar gas da ke tura maganin, kowanne yana canja girman ƙwayoyin da saurinsu. Sai kuma shi mai shaƙar: yaro, tsoho, wanda ƙirjinsa ya toshe, kowa da irin jan numfashinsa.

Shari'ar Advair

Saboda waɗannan dalilai FDA ta daɗe tana neman hujjoji huɗu a tare daga duk kamfanin da ke son fitar da jenerik na maganin shaƙa: kamancin haɗin magani da na'ura, gwajin ɗakin bincike kan girman ƙwayoyi da yawan abin da ke fita a kowane feshi, awon jini, da kuma gwaji a kan masu cutar, inda ake kwatanta yadda numfashinsu ya inganta. Na ƙarshen nan shi ne mai cin kuɗi. Yana buƙatar ɗaruruwan marasa lafiya, wani lokaci fiye da dubu, kuma duk da haka ba shi da kaifin gane ƙaramin bambanci, domin numfashin mai fuka yau daban gobe daban.

Advair, maganin gari na kamfanin GSK da aka amince da shi a Amurka a 2000, shi ne misalin da kowa ke kawowa. Haƙƙin mallakar haɗin maganin ya ƙare a 2010, na na'urar kuma a 2016. Amma jenerik na farko, Wixela na kamfanin Mylan, bai samu izini ba sai a watan Janairun 2019, bayan an mayar wa kamfanin da takardunsa a baya. Kamfanin Hikma sai da ya sake gwajin marasa lafiya kafin ya samu nasa izinin a ƙarshen 2020. Sandoz kuwa haƙura ya yi bayan shekaru yana kashe kuɗi. A duk tsawon wannan lokaci maganin asalin yana kawo wa masu shi dala miliyar da dama kowace shekara. Haka salbutamol na feshi: bayan da Amurka ta hana amfani da tsohuwar iskar CFC a famfunansa a ƙarshen 2008, saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, masu araha suka ɓace daga kasuwa, kuma sai a 2020 aka amince da jenerik na farko na sabon samfurin. Maganin da ya haura shekara arba'in ya koma mai tsada kamar jiya aka ƙirƙiro shi.

Inda kuɗin ke fitowa

A 2012 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira GDUFA. A ƙarƙashinta kamfanonin jenerik ke biyan FDA kuɗi a kan kowace takardar neman izini da kowace masana'anta. Kuɗin takarda ɗaya a yanzu ya haura dala 200,000. Da wannan kuɗi hukumar ke ɗaukar ma'aikata don hanzarta duba takardu, kuma dokar ta tanadi shirin bincike na kimiyya kan magungunan da kwaikwayonsu ke da wuya. An sabunta dokar a 2017 da 2022, wa'adinta na yanzu kuma zai ƙare a watan Satumbar 2027.

Kowace shekara ofishin jenerik na hukumar yana zama da kamfanoni da malaman jami'a a bainar jama'a, a tsayar da abubuwan da suka fi buƙatar bincike, sannan a yi shelar neman masu tsara aikin. Maganin shaƙa ba ya fita daga jerin. Galibin tallafin ana ba da shi ne ta hanyar yarjejeniyar haɗin gwiwa: jami'a ta karɓi kuɗin ta yi aikin, amma masanan hukumar suna zama da ita a kai a kai, kuma ana wallafa sakamakon don kowane kamfani ya amfana. Abin lura a nan shi ne kamfanonin da ke gogayya da juna a kasuwa su ne, ta hanyar harajin nan, ke biyan kuɗin ilimin da babu ɗayansu da zai yi shi kaɗai ya raba wa sauran.

Daga cikin waɗanda suka yi suna a fannin akwai Worth Longest da Michael Hindle na jami'ar Virginia Commonwealth, da Ching-Long Lin na jami'ar Iowa. A 2020 hukumar ta taimaka aka kafa cibiyar bincike kan jenerik masu sarƙaƙiya, wadda jami'o'in Maryland da Michigan ke gudanarwa. Turai ma ta yi nata: daga 2015 zuwa 2019 shirin SimInhale, ƙarƙashin jagorancin Stavros Kassinos na jami'ar Saifurus, ya haɗa injiniyoyi da masana magunguna da likitoci daga ƙasashe da dama a kan wannan tambaya.

Yadda ake gina huhu a kwamfuta

Ilimin da ake amfani da shi, wanda masana ke taƙaitawa da CFD, shi ne dai wanda injiniyoyi ke auna fikafikan jirgin sama da shi. Tushensa lissafin gudanar ruwa da iska ne da Bafaranshe Claude-Louis Navier ya fara rubutawa a 1822, George Stokes ya kammala a 1845. Lissafin ya fi ƙarfin alƙalami da takarda, sai dai kwamfuta.

Da hoton sikana na ƙirjin mutum na gaske ake farawa. Daga hoton a zana siffar baki da maƙogwaro da bututun iska da rassansa, a yanyanka sararin cikinsu zuwa ƙananan ɗakuna miliyoyi. A kowane ɗaki kwamfuta ta lissafa saurin iska da inda ta nufa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, tun daga fara jan numfashi har riƙe shi. Sannan a saki dubban ƙwayoyin magani na ƙarya a bakin famfon, a bi kowacce har inda ta manne. A ƙarshe a samu taswira: kaso kaza a maƙogwaro, kaso kaza a huhun dama na sama, kaso kaza a can ƙasa. Idan aka maimaita da famfon jenerik, sai a ɗora taswira kan taswira.

A faɗe abin da sauƙi. Hanyoyin iska na rabuwa biyu-biyu har kusan sau 23, kamar yadda masanin Suwizalan Ewald Weibel ya bayyana a 1963, kuma a ƙarshensu akwai ƴan jakunkunan iska miliyan ɗari uku zuwa biyar. Sikana rassan farko kawai yake gani sosai. Sauran sai an ƙiyasta su da lissafi. Iskar da ke wuce maƙogwaro ba a natse take tafiya ba, juyi take yi kamar guguwa. Huhu yana buɗewa yana rufewa. Ƙwayoyin kansu ba sa tsayawa a girma ɗaya: gas ɗin da ya fito da su yana bushewa su ƙanƙance, danshin cikin ƙirji kuma, wanda ya kusa kashi ɗari, yana iya kumbura su. Kwaikwayon numfashi ɗaya na mutum ɗaya, idan ana son shi da kyau, yakan cinye kwanaki ko makonni a manyan kwamfutoci. Hukuma kuwa ba mutum ɗaya take tambaya a kai ba, jama'a take tambaya.

Aikin koyon na'ura

A nan ne sabon tallafin ya shigo. FDA ta nemi masu bincike su haɗa koyon na'ura da wannan kwaikwayo, kuma babban amfanin da ake hange shi ne sauri. Ana gudanar da kwaikwayo mai nauyi sau ɗaruruwa, ana sauya siffar maƙogwaro da ƙarfin numfashi da girman ƙwayoyi. Sai a ba na'ura tambayoyin da amsoshinsu duka ta koya. Bayan ta koya, idan aka kawo mata sabon huhu, cikin daƙiƙoƙi take ba da hasashen da a da sai an jira mako. Kamar tsohon dillalin dabbobi ne da ke duban sa ya faɗi nauyinsa ba tare da sikeli ba, saboda yawan waɗanda ya gani an auna.

Da irin wannan sauri ana iya gina abin da ake kira jama'ar kwamfuta: dubban huhuna na lissafi, manya da yara, masu fuka mai sauƙi da mai tsanani, a gwada famfo biyu a kansu duka. Ana kuma amfani da koyon na'ura wajen zana hanyoyin iska daga hoton sikana, aikin da ke cinye awoyin ƙwararre, da wajen rarraba marasa lafiya rukuni-rukuni bisa siffar huhunsu. Ayarin jami'ar Iowa ya yi irin wannan da hotunan masu fuka. Akwai kuma dabarar da Maziar Raissi da Paris Perdikaris da George Karniadakis suka wallafa a 2019, inda ake tilasta wa na'urar ta mutunta dokokin lissafin iska yayin da take koyo, don kada ta ba da amsar da ta saɓa wa yanayin halitta.

Sai dai dillalin da ya saba da shanun Azawak zai iya kuskure idan aka kawo masa raƙumi. Na'ura abin da aka nuna mata kawai ta sani, kuma idan ta yi kuskure ba ta nuna alamar shakka. Shi ya sa kaso mai yawa na aikin ke tafiya wajen tantancewa: a kwatanta hasashen kwamfuta da gwajin da aka yi da maƙogwaron roba a ɗakin bincike, da kuma hotunan mutanen da suka shaƙi magani mai ɗauke da alamar da kyamara ta musamman ke gani. Tun 2018 ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta fitar da ƙa'idar auna amincin irin wannan kwaikwayo a harkar kayan asibiti: gwargwadon haɗarin hukuncin da za a yanke da shi, gwargwadon hujjar da za a nema. A 2019 FDA ta fara nuna cewa, ga wani famfon beklometazon, za ta iya karɓar ƙarin gwajin ɗakin bincike tare da kwaikwayon kwamfuta a madadin gwajin marasa lafiya. Kwamfuta ɗaya ce daga cikin shaidu, ba a ba ta kujerar alƙali ba.

Shirin kuma yana rataye da siyasar Washinton. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da rage ma'aikatan FDA kimanin 3,500, ga kuma batun sabunta dokar a 2027.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ba ta ƙera famfon shaƙa. Shigo da shi ake yi, ta hannun ONPPC da ƴan kasuwar magani masu lasisi. Tun shirin Bamako na 1987, musamman bayan karyar darajar sefa a Janairun 1994, jenerik ne ƙashin bayan magungunan asibitocin gwamnati, kuma da yawansu daga Indiya suke. Kamfanonin Indiyar nan su ne ke cikin masu neman izini a Amurka: Cipla ya samu na salbutamol a 2020, Lupin ya samu na tiyotiropiyom a 2023. Idan aka samu hanya mai araha kuma amintacciya ta nuna cewa famfo biyu ɗaya ne, ƙarin kamfanoni za su shiga, kuma hukumomin ƙasashen da ba su da manyan ɗakunan gwaji za su samu ma'aunin da za su dogara da shi. Hukumar magunguna ta Afirka, wadda yarjejeniyarta ta fara aiki a 2021 kuma mazauninta ke Kigali, irin wannan aiki ne ke gabanta.

Amma kada a yi zaton saukar farashi a Amurka saukarsa ce a Tawa. Kuɗin sufuri, rufe iyakoki, da ƙarancin masu saye duk suna da nasu hannu. Kuma huhunan da ake koyar da na'urorin da su na mutanen da aka ɗauka sikana ne a asibitocin Amurka da Turai. Macen da ta shekara talatin tana girki da icce a ɗaki mara taga, da yaron da ya girma cikin ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, da wuya a same su a cikin hotunan. Haka zafin da ke haura digiri 40 a bazara, alhali takardar famfon salbutamol na cewa a ajiye shi ƙasa da digiri 30, da danshin damina da ke dunƙule maganin gari. Duk tambayoyi ne da wannan lissafi zai iya amsawa, in da akwai mai biyan kuɗin yin su.

Babban giɓin da ke akwai a ƙasashe irin namu ma ba na salbutamol ba ne, na famfon kortikoyid ne, irin su beklometazon da budezonid, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Salbutamol buɗe ƙirji yake yi na ɗan lokaci. Kortikoyid ne ke kwantar da kumburin da ke jawo tashin cutar. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da fuka a duniya, ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol shi kaɗai ga manya da matasa. Kuma famfunan kortikoyid ɗin ne gwajinsu a kan marasa lafiya ya fi wahala, don haka su ne za su fi cin moriyar sabuwar hanyar.

Akwai wani bincike daga Afirka da ya taɓa wannan matsala ta maƙalewar magani a maƙogwaro, da kayan da ba su kai dala ashirin ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa idan aka sa wani ɗan bututu mai faɗi tsakanin famfo da baki, feshin yana rage gudu, manyan ƙwayoyi su manne a bangon bututun, ƙananan su jira a shaƙe su a natse, abin da ke da amfani ƙwarai ga yara. Na kanti yana da tsada. A 1999 likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town suka wallafa a mujallar Lancet cewa gorar roba ta lemo mai rabin lita, da aka huda gindinta daidai bakin famfo aka liƙe, ta yi wa yara masu tashin fuka aiki kamar na kantin. Kofin roba da suka gwada tare da ita bai kai ta ba. Ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya nuna yadda ake huda gorar da yadda ake wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta, domin goge ta da tsumma na sa maganin ya manne a jikin robar.